Tsuntsayen Yayre Da Masu Kallonsu: Daga Mashin 1822 Zuwa Wayar Makiyayi

 Ga taƙaitaccen shirin tarihi na wannan mako a rubuce, domin wanda bai samu ji ba, da wanda ya ji amma yake so ya ajiye.

Maganar tsuntsaye za mu yi. Shekara 200 ke nan baƙi suna zuwa wannan yanki namu domin tsuntsaye, da farko da bindiga, daga baya da tabaron hangen nesa da littafi, sannan da kyamara. Abin da suka rubuta a kan tsuntsu ya zama tarihin ruwanmu, domin inda duk ruwa ya ja baya, tsuntsu ne ke fara barin wurin, sannan saniya ta biyo. To, yau baƙin nan sun ɗauke ƙafa, kuma wanda ya rage a bakin fadama da abin ɗaukar hoto a aljihu shi ne makiyayi da ɗan kasuwar kan iyaka. Dalilin shirin ke nan.

'Yan gida da baƙi

Makiyayi ba ya bukatar a koya masa balbela, tare suke wuni. Ya san carki da ke cire kaska a bayan saniya, wani lokaci kuma ya tona mata gyambo. Ya san zalɓe da dinya da kirinjijiya da jinjimi da borin tinke. Ya san gauraka, wadda Fulani ke kira kumarewal, mai tukku a ka kamar an ɗora mata tsintsiyar zinariya. Waɗannan 'yan gida ne, sai dai su matsa daga wannan tafki zuwa wancan.

Akwai kuma baƙi iri biyu. Na farko baƙin damina, shugabarsu shamuwa. Da an ga ta sauka a kan tsamiyar gari, manomi ya fara duba iri. Nan take ƙwai ta ƙyanƙyashe, tana cin fara, in ruwa ya ɗauke sai ta nufi gabashi da kudancin Afirka, wajen Tanzaniya da Zambiya da Zimbabuwe, inda damina ke farawa lokacin da tamu ta ƙare. Ka ga ita ma kiwo take bi, kamar mai shanu.

Na biyu baƙin rani, masu zuwa daga Turai da Rasha in sanyi ya matsa musu, daga watan Satumba zuwa Maris ko Afrilu. Cikinsu akwai babbar farar shamuwa mai jan baki da jan ƙafa, da ƙananan agwagin ruwa masu tashi garke-garke, da masu dogon ƙafa da ke kiwo a taɓon gonakin shinkafa, da ɗan ƙaramin nan mai rawayan ciki da ke kaɗa wutsiya a tsakanin kofaton shanu. Wani masani ɗan Ingila mai suna Reginald Moreau ya yi ƙiyasi a littafinsa na 1972 cewa tsuntsaye kimanin miliyan 5,000 ne ke shigowa Afirka kowace shekara daga Turai da Asiya. Da yawansu, in sun ƙetare Sahara, ruwan farko da suke tararwa shi ne na tafkin Cadi da fadamun kogin Logon.

Fadamun nan su ne yayre. Makiyayan da ke yin damina a filayen Mindif da Moulvoudaye can suke nufa in ruwa ya janye, su tarar da Larabawan Shuwa da Fulanin da suka zo daga Najeriya da Nijar da Cadi. Shanu fiye da 200,000 ke shiga yayre a rani. Wato saniyar Mindif da agwagwar Rasha wuri guda suke cin rani.

Zamanin mashi da bindiga

Mutanen Turai sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu ke tafiya da sanyi ba. Har malamansu akwai masu cewa tsattsewa cikin taɓon ƙarƙashin tafki take kwanciya sai bazara. A watan Mayu na 1822 aka harbo wata farar shamuwa kusa da garin Klutz a arewacin Jamus, sai ga mashi irin na Afirka, mai tsawon kusan santimita 80, ya soke ta a wuya, kuma da shi ta yi tafiyar dubban kilomitoci. Har yau tana nan a ajiye a jami'ar Rostok da mashin a jikinta. Wani maharbi baƙar fata da ba a san sunansa ba, wanda ya koma gida ran nan ba nama, shi ya ba Turai hujjar ƙaurar tsuntsaye.

Bayan wata tara, a Fabrairu 1823, Turawan Ingila uku, Denham da Clapperton da Oudney, suka iso bakin tafkin Cadi ta hanyar Sahara, zamanin Shehu Laminu na Kukawa. Abin da ya fi ba Denham mamaki shi ne yawan tsuntsayen bakin tafkin da rashin tsoronsu ga mutum. A watan Afrilu na shekarar ya biyo rundunar Barno zuwa Mora, a 1824 kuma ya kai Logon Birni. Akwai wani babban tuje da har yau Turawa ke kira da sunan Denham. Tujen nan dai kakanninmu sun san shi, sun ci namansa, tun kafin a haifi Denham, amma shi ne ya kai fatarsa Landan aka rubuta.

Haka kallon tsuntsu yake a wancan zamani: a harbe, a feɗe, a cusa auduga, a ɗaura takarda mai kwanan wata da sunan wuri, a sa a akwati. Boyd Alexander, sojan Ingila mai sha'awar tsuntsaye, ya bi wannan hanya daga 1904 zuwa 1907, daga kogin Kwara zuwa kogin Nilu, ya daɗe yana yawo a tafkin Cadi. Ya sake dawowa, aka kashe shi a ƙasar Wadai a 1910, kabarinsa yana Maiduguri. Wani Ba'amurke, George Bates, ya zauna shekaru da yawa a kudancin Kamaru, ya fitar da littafin tsuntsayen Afirka ta Yamma a 1930. A 1981 Michel Louette ɗan Beljiyam ya jera duk tsuntsayen Kamaru da aka sani a littafi guda. Duk cikinsu ba wanda ya yi tafiya shi kaɗai. Akwai ɗan jagora, da mai ɗaukar kaya, da maharbin da ya san inda tsuntsun ke kwana, sai dai sunayensu ba su cika shiga littafi ba.

Zobe a ƙafa

A 1899 wani malamin makaranta a ƙasar Danmak, Hans Mortensen, ya fito da dabarar da ta rage harbi. Ya riƙa kama tsuntsu ya sa masa ɗan zoben goran-ruwa mai lamba da adireshi a ƙafa, ya sake shi. Duk wanda ya tsinci tsuntsun, ko a wace ƙasa, in ya aika da lambar, an san daga inda ya taso da inda ya kai. Daga nan dabarar ta bazu. Yaran da ke ɗana tarko a bakin yayre sun sha cin karo da irin wannan zobe, wasu su rataya a wuya, wasu su ɗauka laya ce.

Yanzu har ƙaramar na'ura ake goya wa tsuntsu, tana aika inda yake ta tauraron ɗan'adam ko ta layin waya. Da ita aka gane cewa fararen shamuwa da yawa daga Jamus da Folan, bayan sun bi ta Turkiyya da Masar da Sudan, sai su karkato yamma su shigo Cadi. Na'urar takan jawo wa tsuntsu wahala. A 2013 an kama wata farar shamuwa a yankin Kena na Masar aka kai ta ofishin 'yan sanda, ana zaton leƙen asiri take yi, ashe masana ne na ƙasar Hangari suka sa mata. Saboda haka in kun ga tsuntsu da ɗan akwati a baya, ba ɗan leƙen asiri ba ne, ba kuma asiri aka yi masa ba.

Zobe da ƙidaya su suka nuna wa Turawa cewa farinmu yana isa har ƙofar gidansu. A bazarar 1969 masu ƙidaya a Ingila suka ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda ke cika shingayen gonakinsu, ya ragu da fiye da kashi biyu cikin uku a shekara guda. Ba abin da ya canza a Ingila. Da aka bincika sai aka tarar ƙarancin ruwan da aka yi a yankin Sahel a 1968 ne ya kashe su. Wato tsuntsun nan ya kai labarin fari Turai shekara huɗu kafin duniya ta ji kukan mutane da dabbobi a 1973.

Waza, Garwa da Maga

A nan gida, bayan Jamusawa sun ci Marwa a 1902, Faransawa kuma sun karɓe ƙasar daga hannunsu a 1916, an keɓe dajin Waza a 1934 a matsayin gandun farauta. A 1968 ya zama gandun daji na ƙasa, mai faɗin murabba'in kilomita 1,700. A 1970 aka buɗe makarantar koyon aikin namun daji a Garwa, wadda ke horar da ma'aikatan gandun daji daga ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci. Daga nan ne ƙidayar dabbobi da tsuntsaye ta fara shiga hannun 'yan ƙasa. Nau'in tsuntsayen da aka rubuta a yankin Waza da Logon ya haura 370.

Sai kuma 1979, shekarar da dattawan makiyaya ba sa mantawa. A ita aka gama madatsar ruwa ta Maga, mai tsawon kilomita 27, domin noman shinkafa na SEMRY, aka kuma yi jinga a gefen kogin Logon. Madatsar ta tare ruwan da ke gangarowa daga duwatsun Mandara ta Mayo Tsanaga da Mayo Bula, jingar kuma ta hana kogi tumbatsa yadda ya saba. Fili kimanin murabba'in kilomita 1,500 ya rasa ambaliyar da yake samu. Abin ya zo daidai da shekarun fari. Tafkin Cadi, wanda ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya koma ƙasa da 2,000 a tsakiyar shekarun 1980. Ga bushiya ta 1983 a kan shanu. Ciyawa mai daɗewa, irin su burugu da shinkafar daji, wadda ke sake toho bayan an ƙone ta, ta mutu, ciyawar shekara guda ta maye gurbinta. Kifi ya ragu, masunta Kotoko da Musgum suka watse, makiyaya suka nemi wasu wurare, tsuntsaye ma haka.

An samu shinkafa, ba a musu, iyalai da yawa a Maga da Pus da ita suke ci har yau. Amma lissafin da aka yi kafin gini bai sa madara da kifi da ciyawa a ma'auni ba.

A farkon shekarun 1990 gwamnatin Kamaru da ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, suka fara aikin Waza-Logon. A 1994 aka buɗe bakin wani rafi da jinga ta toshe kusa da ƙauyen Tekele, ruwa ya sake malala a kan fili kimanin murabba'in kilomita 180. A 1997 aka sake buɗe wani. To, ta yaya za a san ko abin ya yi amfani? A nan ne masu kallon tsuntsu suka yi rana. Kowace shekara a watan Janairu, ma'aikatan aikin da mutanen makarantar Garwa suna bin tafkuna ɗaya bayan ɗaya suna ƙidaya. Wani masani ɗan Holan, Paul Scholte, ya haɗa sakamakon: tsuntsayen ruwa sun tashi daga kimanin 60,000 a 1992 zuwa 105,000 a 2000. Shi da kansa ya nuna cewa damina ma ta gyaru a waɗannan shekaru, saboda haka ba buɗe rafi kaɗai ya kawo ƙarin ba. A daidai wannan lokaci ciyawa mai daɗewa ta riƙa dawowa, kiwo kuma a filin da aka mayar wa ruwa ya ninka sau uku tsakanin 1993 da 1999, domin garkuna sun ji labari sun taho.

Ku dubi abin da kyau. Mai ƙidayar agwagi da mai neman burugu, amsa guda suka samu. Lambobin nan suna cikin hujjojin da aka riƙa ɗauka zuwa Yawunde da ƙasashen waje ana cewa ruwan da ya malala a fadama ba asararsa aka yi ba. A 2006 Kamaru ta shiga yarjejeniyar kare fadamu ta duniya, wadda aka ƙulla a garin Ramsar na Iran a 1971, kuma fadamar Waza-Logon, hekta 600,000, tana cikin wuraren farko da ta sa a jerin.

Akwai ƙauye guda da ya cancanci a ambace shi, wato Andirni, a kudancin gandun Waza. Zalɓe mai baƙin kai yana yin sheƙa a itatuwan ƙauyen, mutanen garin kuma ba sa taɓa shi. Sheƙa 750 aka ƙirga a 1993, kafin 1999 sun kai 2,500. A wasu wurare na yayre kuwa, inda aka riƙa farfasa sheƙar borin tinke saboda ana ganin yana cinye kifi, ruwa ya dawo amma tsuntsun bai ƙaru ba. Ba soja ko doka ta tsare zalɓen Andirni ba, ɗabi'ar mutanen ƙauye ce.

Abin da kasuwa ta ci

Yanzu ga maganar da ta shafi 'yan kasuwa, Alhazai da Hajiyoyi, a yi mana haƙuri da ita.

Gauraka ita ake kira tsuntsuwar ƙasa a Najeriya, amma yau da wuya ka gan ta a dajin Najeriya. Bushewar fadamu ta taimaka, kama ta da rai domin ƙawata gidajen masu hali ya ƙarasa. A ƙidayar da aka yi a 2000 da 2001, duk Afirka ta Yamma, daga Senigal zuwa Cadi, kimanin 15,000 aka samu. Yayre na cikin 'yan wuraren da suka rage mata. Ƙwai biyu zuwa uku take yi a cikin ciyawar fadama da damina, kuma wadda aka tsare a tsakar gida da wuya ta hayayyafa. Kowace ɗaya da ta ƙetare iyaka a kwando, zuriyarta ta yanke ke nan.

Ungulu ma haka. Wani Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyin arewacin Kamaru da mota a 1973 yana ƙirga shaho da mikiya da ungulu, ya dawo ya bi hanyoyin nan a 2000. Manyan mikiyoyi da ungulaye sun ragu ƙwarai, musamman a wajen gandun daji. A 2015 aka sa nau'i huɗu na ungulun Afirka, har da ƙaramar nan ta mahauta, a jerin halittun da ke dab da ƙarewa. Abu biyu ke cin su: gubar da ake zuba wa mushe domin kashe kura ko zaki, da cinikin kai da ƙafar ungulu domin magani da tsubbu, wanda kasuwarsa ta fi ƙarfi a Najeriya da Binin. Makiyayi ya fi kowa sanin amfanin ungulu. Saniya ta faɗi da safe, kafin la'asar an share wurin. Inda babu ita, mushe ya kwana uku yana wari a bakin mashaya, karnuka da ƙudaje suna raba cutar.

Kada kuma a ce mun ɗauki kowane tsuntsu waliyyi ne. Manomin masakwa, wadda a nan muke kira muskuwari, ya san jan baki. Garke guda ya sauka a karal da hantsi, kafin azahar an bar masa kara. Shekaru ana fesa musu magani da jirgin sama a inda suke kwana, maganin kuwa ba ya tambayar suna, yana kashe shaho da zalɓe tare. A nan ma sanin inda suke kwana da watan da suke isowa shi ke rage ɓarna, kuma wanda ke daji shi ke fara gani.

Lambu da gawo

Ba a fadama kaɗai baƙin ke sauka ba. Ƙananan masu cin ƙwari a bishiya suke rani, a lambunan albasa da mangwaro na bakin Mayo Tsanaga, a gonakin da ke kewaye da Dutsen Mindif, har a tsakar gida. Masana daga Holan da suka bi yankin Sahel suna duba bishiya ɗaya-ɗaya sun tarar baƙin nan sun fi taruwa a itatuwa masu ƙaya, gawo da aduwa da dangin bagaruwa, amma darbejiya kusan ba kowa a kanta. Dalili a fili yake. Ganyen darbejiya ɗaci gare shi, ƙwari ba sa zama, shi ya sa muke zuba shi a rumbu. Gawo kuwa da rani yake ganye da fure, daidai lokacin da baƙin suke nan, daidai kuma lokacin da tunkiya ke bukatar 'ya'yansa.

Darbejiya ta yi wa Marwa inuwa, ba mai raina ta. Sai dai wanda ya bar ɗan gawo ya girma a gonarsa ya samu taki, ya samu abincin dabba, ya kuma sauki baƙo daga Turai. Mai sassabe wa dabbobi reshe, ya rage wa bishiyar kai, kada ya yi mata aski ƙwal.

Kyamara ta koma aljihun makiyayi

Daga shekarun 1990 zuwa farkon 2010, ayarin masu kallon tsuntsu daga Turai da Amurka da Afirka ta Kudu suna sauka a Garwa ko Marwa da manyan kyamarori, su je gandun Binuwai, su je Waza da filayen Mora. Direbobi da 'yan jagora da masu masauki sun ci abinci da su. A ranar 19 ga Fabrairu 2013 aka sace iyalin Faransawa su bakwai kusa da Dabanga bayan sun fito daga Waza. An sako su a watan Afrilu, amma daga nan baƙi suka daina zuwa, aikin ƙidaya ma ya yi rauni a wurare da yawa. Abin da rikicin ya yi wa kasuwannin Banki da Amchide da Fotokol kun fi mu sani.

Tsuntsayen dai ba su daina zuwa ba, masu rubutawa ne suka yi ƙaranci. Matsalar ba ta shekarar 1979 kaɗai ba ce. Masunta suna ta haƙa magudanan kamun kifi a yayre, waɗanda ke tsotse ruwan fadama da wuri. Gonaki suna cin burtali. Ranar da za a zauna a gaban lamido ko hukuma a kan wani tafki, za a tambaya: da ruwan yana kaiwa wane wata? Me ke sha a wurin? Wanda ya ce "da can akwai" ya faɗi gaskiya, amma wanda ya fito da hoto mai kwanan wata shi za a saurara. Gani ya kori ji.

Ga yadda hoton waya zai zama shaida:

Na ɗaya, kwanan wata da sunan wuri. Waya tana riƙe ranar da kanta in an saita ta daidai. Sunan tafkin kuwa ku faɗe shi a saƙon murya, da Fillanci ko Hausa ko Larabcin Shuwa, yadda kuke kiransa.

Na biyu, ku ɗauki tafkin gaba ɗaya daga wuri guda, ga wata bishiya ko tudu a matsayin alama, sau ɗaya kowane wata. Hoton da ya nuna bakin ruwa da garken tsuntsaye daga nesa ya fi amfani a kan na tsuntsu guda da bai fito sosai ba.

Na uku, da sassafe ko bayan la'asar, rana tana bayanku. Tsuntsu ya saba da shanu, wanda ke tafe a hankali cikin garke yakan matso kusa fiye da Bature mai kyamarar miliyan.

Na huɗu, kada a tayar da tsuntsu daga kan ƙwai domin hoto, kada kuma a watsa inda gauraka ko ungulu ke sheƙa a Facebook ko WhatsApp. Masu kamawa su ma suna da waya.

Na biyar, in kun tsinci zobe, ku ɗauki hoton lambar da rubutun duka, ku kai wa ma'aikatan gandun daji mafi kusa. In kun ga tsuntsaye da yawa a mace wuri guda, kada a taɓa, kada a ci, a sanar da malamin dabbobi. Murar tsuntsaye ta ɓulla a jihar Kaduna a Fabrairu 2006, a watan Maris kuma aka tabbatar da ita a Marwa.

Na shida, wanda ya fi duka: kada a ɗaga waya kusa da shingen soja, ko gada, ko ofishin kwastan. Ba tsuntsun da ya kai ran mutum ko kwana a tsare.

Samari masu waya, ku zauna da dattawa. Ku tambayi baba da ardo sunan kowane tsuntsu da watan da yake zuwa, da tafkunan da gauraka ke rawa a da, ku ɗauki muryarsu. Littattafan da muka ambata sun riƙe sunan Denham da Alexander, sun bar na 'yan jagoransu. Wannan karo hoton da sunan wurin da muryar duk a hannunku suke.

Wanda ya samu hoto ko labarin zobe, ya aiko wa shirin ta hanyar da kuka saba aiko da gaisuwa, da sunan tafki da rana. Za mu riƙa karantawa a ƙarshen kowane wata, mu kuma ajiye. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya cika yayre, ya tsare matafiya a kan hanya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.